Darasi: Fara Sa Ido a kan Netwok da Buɗaɗɗun Manhajoji

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana abin da ake nufi da sa ido a kan netwok, ya iya gano inda matsala take ta hanyar gwaji mai sauƙi, ya san sunaye da ayyukan manyan manhajojin da ake samu kyauta domin wannan aiki, kuma ya san wadda ta dace ya fara da ita. Magana ɗaya darasin yake son kafawa: mai koyo ya fara da awo da ajiye lissafi kafin ya fara neman babbar manhaja, domin wanda bai saba da awo ba, ko wace irin na'ura aka damƙa masa, zato zai ci gaba da yi.

Ruwa bai iso ba

Duk wanda ya san noman rani a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san cewa ruwan da ke shayar da shinkafa, alkama da tumatir a wannan yanki daga nesa yake tasowa. Yana fitowa daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya bi ƙananan magudanai har bakin gona. Gangare kawai yake bi, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da tsarin. Manomin da gonarsa take can ƙarshen layi, idan ya wayi gari ya tarar da magudana a bushe, abin da zai ce shi ne ruwa bai iso ba. Maganarsa gaskiya ce, sai dai ba ta nuna wa kowa inda za a dosa da shebur. Wataƙila ba a buɗe ƙofar ruwa ba, wataƙila kacala da taɓo sun toshe hanya, wataƙila gefen kanal ya fashe, wataƙila kuma wani na gaba da shi ya tare ruwan ya karkatar zuwa gonarsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da maganinsa daban, da kuma wanda za a kai wa ƙara daban. Sai an bi magudanar da ƙafa, ana duba tsayin ruwa a kowace mararraba, sannan a san gaskiya.

Haka lamarin netwok yake. Mai POS a Panshekara, da akawun kamfanin casar shinkafa a Kura, da dillalin tumatir a Kwanar Gafan da ke jiran alat, da mai kula da cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, duk kalma ɗaya suke faɗa idan aiki ya tsaya: babu netwok. Amma saƙon da ya tashi daga kwamfuta yana ratsa ƙofofi da yawa kafin ya isa inda aka aike shi. Zai bi ta waya ko ta iska zuwa rauta, wato akwatin da ke raba intanet a ofis ko shago, daga nan zuwa ƙarfen sabis ko igiyar faiba ta kamfanin sadarwa, daga nan zuwa manyan layukan da suka nufi Abuja da Legas, wani lokaci har ya shiga igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku, kafin ya isa uwar garken banki ko ta hukumar jarrabawa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har ƙananan 'yan kasuwa ga taransifa, wannan doguwar hanya ta zama hanyar abincin mutane. Sa ido a kan netwok shi ne a riƙa gwada waɗannan ƙofofi a kai a kai, dare da rana, ana rubuta sakamako, yadda idan abu ya lalace za a san a ina ya lalace, yaushe ya fara, kuma tsawon wane lokaci ya ɗauka.

Abubuwa huɗu da ake aunawa

Mai koyo kada ya ruɗe da yawan lambobin da manhajoji ke nunawa, domin tambayoyin asali huɗu ne. Ta farko, na'urar tana amsawa ko ta yi shiru? Ta biyu, idan tana amsawa, tsawon wane lokaci saƙo ke ɗauka ya je ya dawo? Ana auna wannan da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta uku, cikin ƙunshin saƙonni ɗari da aka aika, nawa suka ɓace a hanya? Ta huɗu, yawan datar da ke wucewa ya kusa cika layin ko da sauran wuri? Manomi zai gane waɗannan nan take, domin su ne tambayoyin da yake yi wa magudana: akwai ruwa ko babu, da sauri yake tafiya ko yana jan ƙafa, nawa ke zurarewa ta tsaga, kuma magudanar ta cika ta batse ko kuwa. Lambobin nan suna da ma'anar da za a iya lissafawa. Haske a cikin igiyar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, tsakanin Kano da Legas kuwa akwai kusan kilomita 1,000, saboda haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba ko da komai lafiya yake. Tsofaffin taurarin sadarwa da ke tsaye a nisan kilomita 36,000 daga ƙasa suna sa saƙo ya kai rabin daƙiƙa ko fiye. Haka kuma alƙawarin da masu sayar da intanet ke yi ana iya auna shi. Wata mai kwana 30 yana da awa 720, don haka wanda ya ce layinsa yana aiki kashi 99 cikin ɗari ya yarda ke nan zai iya ɗaukewa na awa 7 da minti 12 a wata. Idan ya ce kashi 99.9, minti 43 kacal ya rage masa. Ba mai iya riƙe wani a kan irin wannan alƙawari sai wanda yake da rubutaccen lissafi.

Kayan aiki na farko

Kayan aikin da ya kamata kowa ya fara da shi yana nan cikin kowace kwamfuta, ba sai an sauke komai ba. Sunansa ping, wani injiniya Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta shi a watan Disamba na 1983. Aikinsa kamar sallama ce a ƙofar gida: yana aika ɗan gajeren saƙo zuwa wata na'ura, ya jira amsa, ya faɗi lokacin da ta ɗauka. A kwamfuta mai Windows, ana buɗe baƙin allon rubuta umarni, a rubuta ipconfig domin a ga adireshin rauta, wanda sau da yawa yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Daga nan sai a gwada ƙofofi huɗu bi da bi. Da fari a rubuta ping sannan adireshin rautar. Idan ba ta amsa ba, matsalar a cikin gida take: waya ta cire, ko caja ta ƙone, ko kwamfutar ta yi nisa da rauta, kuma kiran kamfanin sadarwa ɓata lokaci ne. Idan ta amsa, sai a gwada wani sanannen adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Shirunsu yana nuna cewa tsakanin rauta da duniya ne hanya ta yanke, ko data ta ƙare, ko ƙarfen sabis ya ɗauke. Idan sun amsa, sai a gwada da suna maimakon lamba, misali ping google.com. Lamba ta amsa amma suna ya ƙi, to tsarin da ke fassara sunaye zuwa lambobi, wanda ake kira DNS, shi ne ya sami cikas. Idan duk ukun sun amsa amma shafin banki ya ƙi buɗewa, matsalar tana can wajen bankin, abin da ya rage shi ne a sanar da abokan ciniki a kuma jira. Ping yana da ƙane mai suna traceroute, wanda Van Jacobson ya samar a 1987, a Windows ana rubuta shi tracert. Shi yana jera duk zangon da saƙo ya yada a hanya, tamkar mai bin kanal yana ƙirga mararraba. Abu ɗaya za a kiyaye: wasu na'urori da gangan ake hana su amsa ping saboda tsaro, shi ya sa ake gwada su tun suna lafiya, a san halinsu.

Wannan batu na sanin hali shi ne ginshiƙin aikin duka. Milisakan 80 ba ya nufin komai shi kaɗai. Idan layin ya saba ba da 30, to 80 alamar cunkoso ce. Idan ya saba ba da 90, to yau ya fi kullum lafiya. Saboda haka mai koyo ya ware littafi, ya yi sati biyu yana gwada ƙofofin nan huɗu sau uku a yini, da safe, da azahar, da bayan isha'i, yana rubuta rana, lokaci, sakamako, da ko akwai wutar lantarki ko a janareto ake. Kafin sati biyun su cika zai fara ganin abin da a da ba ya gani: wataƙila layin yana nauyi ne kullum da dare lokacin da jama'a suka hau kallon bidiyo, ko kuma yana yankewa na minti biyu duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareto, wanda ke nuna rauta ce ke mutuwa tana sake tashi. Matsala ta biyun ƙaramin batir zai magance ta, ba sai an sauya kamfani ba.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja

Ɗan Adam yana barci, yana tafiya masallaci, yana mantuwa, don haka bayan an saba da awo da hannu sai a ɗora wa manhaja aikin. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka fitar da rubutun da aka gina ta da shi a fili, suka kuma ba kowa izinin ya yi amfani da ita, ya nazarce ta, ya gyara ta, ya raba wa wasu. Richard Stallman ya fara kiran jama'a zuwa ga wannan tafarki a 1983 da shirinsa na GNU, Linus Torvalds kuma ya fitar da Linux a 1991, wanda a yau mafi yawan uwayen garken intanet a kansa suke tafiya. A fagen sa ido, jerin yana da tsawo. Tobias Oetiker na ƙasar Suwizalan ya samar da MRTG a 1995 domin zana hawa da saukar data, daga baya ya ƙara da RRDtool da SmokePing. Gerald Combs ya fitar da Ethereal a 1998, wadda ta koma Wireshark a 2006. Ethan Galstad ya fitar da NetSaint a 1999, aka sauya mata suna zuwa Nagios a 2002. Zabbix ta Alexei Vladishev ta fito daga Latbiya a 2001, Cacti ma a shekarar ta fito. An fara Prometheus a kamfanin SoundCloud a 2012, LibreNMS ta ɓalle daga Observium a 2013, Grafana ta zo a 2014, sai Uptime Kuma ta Louis Lam a 2021. Dalilin da ya sa waɗannan suka dace da mu ya wuce rashin biyan kuɗi. Lasisin manhajojin kasuwa galibi da dala ake sabunta shi duk shekara, kuma duk wanda ke kasuwanci a Kano ya ga yadda canji ya tashi tun daga 2023. Makaranta ko ƙungiyar manoma da ta dogara da irin wannan lasisi, ranar da ta kasa biya idonta ya rufe. Wadda ta girka buɗaɗɗiyar manhaja a kan kwamfutarta kuwa, kayan da lissafin duka nata ne, kamar manomin da ya ajiye irinsa a rumbu.

Da wace za a fara

Kuskuren da ya fi kayar da masu koyo shi ne su fara da mafi girma. Zabbix da Nagios da Prometheus an gina su ne domin masu kula da ɗaruruwa ko dubban na'urori, kuma saitinsu na cin makonni. Wanda ke da rauta ɗaya da kwamfuta goma, idan ya fara da su, zai gaji ya watsar kafin ya ga amfanin komai. Matakin da ya dace bayan littafi shi ne Uptime Kuma. Ana girka ta a kan tsohuwar kwamfuta mai Linux, a buɗe ta ta burauza a ƙofa mai lamba 3001, a shigar mata da ƙofofin nan huɗu, a ce ta gwada kowacce duk minti ɗaya. Za ta nuna kore idan lafiya, ja idan an sami yankewa, ta lissafa kashi nawa cikin ɗari layin ya yi aiki, kuma tana iya turo saƙo ta Telegram ko imel. Bayan wata ɗaya ko biyu sai a ƙara SmokePing, wadda ƙwarewarta ita ce nuna jinkiri da ɓacewar saƙo a zane, har mutum ya ga layin da bai yanke ba amma yana ciwo. Sai wurin ya girma, kamar kwaleji irin ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ko masana'anta a rukunin Challawa, inda ake da na'urorin raba layi da yawa a gine-gine daban-daban, sannan ake buƙatar LibreNMS ko Zabbix. Waɗannan suna magana da na'urori ta wata ƙa'ida mai suna SNMP, wadda aka fitar a 1988, suna tambayar kowace na'ura yawan datar da ta wuce ta kowace kafa, da zafinta, da tsawon lokacin da ta yi a kunne. Wireshark ita ce ta ƙarshe, domin ita buɗe ƙunshin saƙo take yi ɗaya bayan ɗaya, kuma sai wanda ya riga ya san yankin da matsala take zai amfana da ita.

Akwai dokoki uku da gogaggun ma'aikata suka yi ittifaƙi a kansu. Ta ɗaya, mai gadi kada ya mutu tare da abin da yake gadi: kwamfutar sa ido da rauta su kasance a kan batir ko sola, kuma a tuna cewa idan intanet ɗin ya yanke, saƙon gargaɗi ba shi da hanyar fita sai an tanadi layi na biyu. Ta biyu, kada a yawaita ƙararrawa. Idan waya tana ƙara duk lokacin da saƙo ɗaya ya ɓace, cikin kwana uku mai ita zai daina dubawa, ranar da babbar matsala ta zo ba wanda zai waiga. A saita manhaja ta sake gwadawa sau uku kafin ta yi kira. Ta uku, a rufe ƙofa. Na'urori da yawa suna zuwa da kalmar public a matsayin mabuɗin SNMP, kowa kuma ya san wannan, don haka a sauya ta, a yi amfani da siga ta uku ta SNMP mai ɓoye bayanai inda hali ya yi, kuma kada a bar shafin sa ido a buɗe ga duk duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Wani zai ce araha ba ta ado, abin da aka bayar kyauta ba zai yi ƙarko ba, kuma idan ya lalace ba wanda za a riƙe. Akwai gaskiya a rabin wannan magana: buɗaɗɗiyar manhaja ba ta zuwa da lambar da za a kira tsakar dare, kuma kuɗin da ba a biya da naira ba za a biya shi da lokacin koyo. Amma batun ƙarko tarihi ya riga ya amsa shi. Nagios da Zabbix sun haura shekara 20 ana aiki da su a bankuna da jami'o'i da kamfanonin sadarwa, kuma kamfanin Zabbix kansa yana sayar da tallafi ga mai son wanda zai riƙe. A nahiyarmu ma, ƙungiyar AfNOG, wadda ke tara injiniyoyin netwok na Afirka tun 2000, tare da cibiyar NSRC ta Jami'ar Oregon, sun daɗe suna horar da ma'aikatan jami'o'i da kamfanoni a kan Nagios da SmokePing da LibreNMS, kuma darussansu suna nan kyauta a intanet. Lokacin koyon kuwa jari ne, domin wanda ya iya waɗannan ya sami sana'ar da ake nema daga Kano har Legas.

Wani kuma zai ce, mu da wuta ba ta zama, ina mu ina kwamfutar da za ta kwana a kunne? Kumbotso ce ke ɗauke da babbar tashar rarraba wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ke ciyar da Kano, amma duk mazaunin yankin ya san zama kusa da tasha bai hana ɗaukewar wuta ba. Sai dai aikin sa ido ba ya buƙatar babbar na'ura. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ke riƙe caji ta isa, haka ma ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, girmanta bai fi tafin hannu ba, wutar da take ci kuma ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya ba. Gwajin ƙofofi huɗu da ping duk minti ɗaya bai wuce megabait ɗaya ko biyu a yini ba. Ƙari a kan haka, inda wuta ba ta zama nan ne awo ya fi amfani, domin shi zai raba yankewar da wuta ta jawo da wadda kamfanin sadarwa ya jawo, a san ko batir za a saya ko layi za a sauya.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mai cewa sani ba gyara ba ne: idan igiya ta tsinke a teku, me lissafin ɗan Bunkure zai ƙara? A ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, harkokin bankuna a Nijeriya suka tangaɗe na kwanaki. Babu mai shago a Kano da zai iya ɗinke waɗannan igiyoyi. To amma a duba bambancin mutum biyu a wannan rana. Wanda ba ya awo zai zargi rautarsa, ya kashe ya kunna, ya kira mai gyara, wataƙila har ya sayi sabuwa. Mai awo kuwa cikin minti biyar zai ga rautarsa na amsawa, zangon farko na kamfani na amsawa, can nesa ne hanya ta toshe, sai ya adana kuɗinsa, ya gwada layin wani kamfani, ya gaya wa abokan cinikinsa gaskiya. Sannan irin wannan babbar masifa jefi-jefi take zuwa, alhali wayar da ɓera ya ci, da cajar da ta ƙone, da layin da ya cika saboda mutum ɗaya na sauke fim, kullum ana tare da su, kuma duk a hannunmu gyaransu yake. Ko ƙarar da za a kai wa kamfani ko Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ta zo da rana da awa da minti ta fi ƙarfin wadda ta zo da "kullum ba ya aiki", kamar yadda ƙungiyar masu amfani da ruwa da ta rubuta ranakun da ruwa bai iso sashenta ba ta fi samun kunnen hukuma.

Saura masu tsoron cewa sa ido leƙen asiri ne. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma wajibi ne ɗalibi ya riƙe shi. Auna lafiyar layi daban, karanta saƙon mutane daban. Ping da Uptime Kuma da SmokePing ba sa ganin abin da kowa ya rubuta, amma Wireshark tana iya nuna wuraren da mutane suke ziyarta, har da abin da suka aika idan ba a ɓoye shi ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ko tare saƙonsa ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan wasu. Tun kafin waɗannan dokoki, addini da tarbiyya sun hana bin diddigin asirin mutane. Ƙa'idar ita ce mutum ya auna netwok ɗinsa ko wanda aka ba shi amanarsa a rubuce, ya sanar da masu amfani da shi abin da ake aunawa, kada ya tara abin da aikin bai buƙata ba. Mai buɗe ƙofar ruwa an ba shi amanar ruwa ne, ba a ba shi izinin shiga rumbun manomi ba.

Kammalawa

Abin da ya gabata ya nuna cewa tsarin koyon yana da hawa-hawa: littafi da ping na sati biyu, sai Uptime Kuma, sai SmokePing, sai manyan manhajoji idan wurin aiki ya buƙace su. Kowane mataki yana koyar da tambayar da mataki na gaba zai amsa, wanda kuma ya tsallake na farko zai zauna gaban zane-zane masu launi bai san me suke faɗa ba. Ruwan Tiga ya fi shekara 40 yana isa gonakin Kura da Bunkure, kuma a duk lokacin da aka yi sakaci da duba magudanai, na ƙarshen layi ne ke fara ɗanɗanawa. A taswirar intanet mu ne na ƙarshen layi, nesa da teku da kusan kilomita 1,000. Wanda ke zaune a irin wannan wuri ya fi kowa buƙatar ya iya bin magudanarsa da kansa, ya nuna da yatsa inda ta toshe.

Ma'anar wasu kalmomi

Rauta: akwatin da ke haɗa na'urorin gida ko ofis da intanet.
Uwar garke: kwamfutar da ke ajiye shafi ko bayanai tana ba sauran kwamfutoci.
Milisakan: kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.
DNS: tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa.
SNMP: ƙa'idar da manhaja ke bi ta tambayi na'ura halin da take ciki.

Tambayoyi

1. Kawo tambayoyi huɗu da mai sa ido a kan netwok yake yi, ka kwatanta kowacce da magudanar ruwa.
2. Rauta ta amsa ping, 8.8.8.8 ya amsa, amma google.com ya ƙi. Ina matsalar take?
3. Wani layi ya yi aiki kashi 98 cikin ɗari a wata mai kwana 30. Awa nawa ya yi a ɗauke?
4. Me ya sa ba a so mai koyo ya fara da Zabbix ko Nagios?
5. Bayyana bambanci tsakanin auna lafiyar layi da leƙen asirin mutane.

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum uku. Kowane rukuni ya zana hanyar da saƙo ke bi daga kwamfutar ajinku zuwa intanet, ya nemi izinin mai kula da wurin, sannan ya gwada ƙofofi huɗu sau uku a yini na tsawon sati biyu. Ku kawo littafin awonku a darasi na gaba, tare da bayanin lokacin da layin ya fi nauyi da abin da kuke ganin ya jawo hakan.